Dizal ko haybirid: wacce ta fi sauƙin illa ga iskar da muke shaƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Arkilla cikin garin Sakkwato. Ina shirin sayen mota 'yar Kwatano, kuma zaɓina ya tsaya tsakanin mai shan dizal da Toyota haybirid mai haɗa fetur da batir. Ɗana yana fama da asma, shi ya sa maganar hayaƙi take tayar mini da hankali. Bakanikena ya ce dizal ta fi tsafta tunda ba ta shan mai sosai, kuma duk wadda na saya in kawo masa ya cire mata indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wai man ƙasarmu ba ya jituwa da shi. Yawancin zirga-zirgata cikin gari ce, sai jefi-jefi in je Birnin Kebbi. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Ga irin tuƙin da ka bayyana, haybirid ce ta fi dacewa da kai, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Bakanikenka ya kama gaskiya ta gefe guda. Injin dizal ya fi injin fetur na gargajiya cin moriyar kowace lita, amma litar dizal idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.6 na iskar kabon dayoksaid mai ɗumama yanayi, ita kuwa litar fetur kimanin kilo 2.3. Ɗauki misali: motar dizal da ta sha lita 6 a kilomita 100 ta saki kusan kilo 16, haybirid da ta sha lita 5 a tafiya iri ɗaya ba ta kai kilo 12 ba. A doguwar hanya, kamar ta Gusau ko Birnin Kebbi, inda injin ke gudu ba tsayawa, za su iya zuwa kusan kunnen doki. A cikin gari kuwa, inda za ka tsaya a shataletale, ka taka birki saboda ɗan kabu-kabu, ka jira yara a ƙofar makaranta, haybirid takan kashe injinta idan ta tsaya, tana kuma mayar da ƙarfin birki ya zama cajin batir. Dizal ta gargajiya ba ta da wannan dabarar. Batirin haybirid ma da ake yawan kuka da ɓarnar ƙera shi bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na batirin motar lantarki zalla ba.

Sai dai abin da ya shafi ƙirjin ɗanka ya wuce maganar ɗumamar yanayi. Dizal tana fitar da iskar nitirojin oksaid da kuma ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi masu kutsawa can cikin huhu, kuma dukansu biyu suna tayar da asma. Tun shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. A shekarar 2015 kuma aka bankaɗo a Amurka cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocin dizal kimanin miliyan 11 a faɗin duniya manhajar da ke yaudarar na'urar gwaji, alhali a kan titi wasunsu suna fitar da nitirojin oksaid har ninki 40 na abin da doka ta amince. Motar dizal ta zamani ba ta tsafta sai da matatar baƙin hayaƙi da ake kira DPF, da ruwan AdBlue mai rage nitirojin oksaid a sababbin samfura, da kuma mai maras yawan salfa. Turai ta taƙaita salfa a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe tana amincewa da kashi 3,000, kafin ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da 50 a shekarar 2020. Ita matatar DPF tana buƙatar doguwar tafiya domin ta yi zafin da zai ƙone tokar da ta tara, wajen digiri 600, kuma daga Arkilla zuwa ofis ba zai ba ta wannan zafin ba. Za ta toshe, kuma mun san cire ta ake yi a gareji idan ta toshe.

Wannan ya kawo ni kan shawarar cire indomi, wadda kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani, har na gaji da mamakin yadda ta kama zukatan mutane. Abin da ake kira indomi, saboda kamannin cikinsa da taliyar nan, wani dunƙulen yumɓu ne mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ya yi zafi yana juya fiye da kashi 90 cikin ɗari na kabon monoksaid, da ragowar man da bai ƙone ba, da nitirojin oksaid su koma iska marasa guba. Haybirid da aka cire wa shi ta rasa babban dalilin da ya sa nake ba ka shawarar sayenta. Ba za ka ga baƙin hayaƙi a bayanta ba, kuma nan ne haɗarin yake, domin kabon monoksaid ba ya da launi, ba ya da wari. Mutum ya tayar da mota da safe a tsakar gida, kusa da tagar ɗakin yara, ya bar ta tana aiki yana ɗaura agogo, bai san abin da yake zuba musu ba.

Maganar cewa man ƙasarmu ba ya jituwa da indomi tana da asali, amma asalin ya daɗe da mutuwa. A da ana zuba wa fetur darma, ita kuwa darma tana kashe waɗannan ƙarafa. Tun farkon 2006 aka daina sayar da fetur mai darma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ana nan ana ta maimaita hujjar da ta ƙare kusan shekara ashirin da suka wuce, kamar mai neman ruwa a rijiyar da aka cike. Cewa cire shi yana rage shan mai ma ba gaskiya ba ne a motar da injinta ke lafiya. Kwamfutar motar tana sa ido a kan salansa ta na'urorin auna iskar oksijin, ɗaya kafin indomi ɗaya bayansa, kuma da zarar an cire shi fitilar gargaɗin inji za ta kama a gaban direba. Na sha ganin an liƙe wannan fitilar da baƙin salatif, ko an zare ƙwanta gaba ɗaya, a ce wa mai mota an gyara. Daga ranar ko wata matsala ta gaske ta taso a injin, babu abin da zai sanar da shi.

Gaskiya ne indomi yana toshewa, mota ta riƙa nishi ta kasa hawa gada. Amma ba ya toshewa haka kawai. Ko dai fulogi sun mutu ɗanyen mai yana wucewa ya narkar da shi, ko injin yana shan baƙin mai. Cire shi ba tare da gyara wannan ba tamkar a kashe ƙararrawa ne a bar wuta tana ci. Ka kuma tambayi duk wanda ya ba ka wannan shawarar inda abin da ya cire yake zuwa. Ba juji ake kai shi ba. Akwai masu saye da kuɗi mai kauri saboda ƙarafan da ke cikinsa, kuma na Toyota Prius yana cikin waɗanda aka fi nema, har ɓarayi ke yanke shi daga ƙarƙashin motoci a Ingila da Amurka. Ban ce kowane bakanike da mugun nufi yake yi ba, wasu haka suka koya a wajen iyayen gidansu, amma abin takaici ne a ce kai za ka biya kuɗin aikin, wani ya ci ribar kayan, ɗanka ya shaƙi sakamakon. Masu duba lafiyar motoci a kan titi kuwa takardu da fitilu suke tambaya, ban taɓa ganin wanda ya leƙa salansa ba.

Don haka kafin ka biya kuɗin motar, ka sa a ɗaga ta ka duba salansa da idonka. Sabon walda a kusa da wurin indomi alama ce an riga ka, domin da yawa daga cikin motocin Kwatano ana yashe su tun kafin su iso. Ka murɗa makulli ka tabbata fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan mota ta tashi, a kuma jona na'urar bincike a karanta lafiyar batirin.

Zafin Sakkwato, da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, shi ne babban abokin gabar wannan batir. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya a yawancin samfura. Kada a toshe ta da jaka ko darduma, ka riƙa ajiye motar a inuwa, kuma bayan kowane hunturu ka sa a buɗe fankar batirin a share ƙurar da ta tara.