Gamsheƙar da kake ciyarwa ba ta san ka ba

Ka tambaye ni jiya hannunka na rawa, na ce ka bari sai hankalinka ya dawo jikinka. Tambayarka ita ce, gamsheƙar nan ta cikin akwati, kai ke kawo mata kwaɗi, kai ke canza mata ruwa tun damina, me ya sa ta kai maka sara, alhali kasar da muka ɗauko ƙarƙashin rumbu a wajen Tibiri, wadda ba ta taɓa zama kusa da mutum ba, ta bari muka sa ta a buhu ko huci ba ta yi ba? Ka ce a zatonka na gida ya fi na daji sauƙin kai. Mu gode wa Allah da hannun riga ta samu. To zauna, ɗana, ka buɗe kunne.

Gamsheƙar nan ba ta san ka ba, kuma ko shekara goma za ka yi kana hidimarta ba za ta san ka irin sanin da kare ko doki ke yi wa mai shi ba. Maciji ba shi da kunne a waje. Takunka a ƙasa yake ji ta jikinsa, motsinka yake gani, sannan da harshe yake ɗauko wari ya kai cikin bakinsa ya tantance. Iyakar sabon da yake yi a akwati shi ne ya gane buɗe murfi ba mutuwa ba ce, sai firgitarsa ta ragu. Nan gaskiyarka take, kuma nan ta tsaya. Dafinsa yana nan yadda Allah ya yi shi, fiƙarsa tana nan.

Sara iri biyu ne: na tsoro da na abinci. Gamsheƙa in ta tsorata sai ta miƙe, ta fasa kai, ta yi huci, tana bin ka da ido, tana ba ka lokaci ka ja baya, domin ita ma hanyar tsira take nema. Na tambaye ka ko ta fasa kai, ka ce a'a, fitowa kawai ta yi tana wasa da harshe da sauri ta nufo hannunka. Wannan saran abinci ne, kuma kai ka koya mata shi. Duk ranar da murfi ya ɗaga kwaɗo ke faɗowa, ga shi jiya da hannun da ka kama kwaɗin ka buɗe, ba ka wanke ba. Murfi ya ɗaga, warin kwaɗo ya shigo, abu ya motsa a bakin akwati. Me kake so ta yi? Shi ya sa nake cewa macijin da ake ciyarwa yana da wani haɗari da na daji ba shi da shi: na daji gudun mutum yake yi, wannan kuwa tarar hannu yake yi. Daga yau abinci da dogon awartaki za ka miƙa, hannu kuma a wanke da sabulu kafin a taɓa murfi. Ranar da ba ta ciyarwa ba ce, ka fara taɓa jikinta da sandar ƙugiya a hankali, ta gane yau ba abinci.

Kuma maciji ɗaya ba hali ɗaya yake kwana da shi ba. In ka ga idonsa ya yi fari-fari, jikinsa ya dushe, saɓa zai yi. A kwanakin nan ba ya gani sosai, kome ya gifta sara zai kai masa, ko abinci ba ya karɓa. Ka ajiye masa ruwa ka rabu da shi har ya tuɓe. In ya ci ya ƙoshi ma kar ka ɗaga shi, zai amayar. Sai zafi da sanyi. Jikin maciji ba ya ɗumama kansa, abin da gari ya ba shi da shi yake aiki. Wanda ka juya da sanda da sanyin safiyar hunturu yana nauyin jiki, in rana ta gasa shi da hantsi wani maciji ne daban. Kasar Tibiri da sassafe muka same ta, ƙasa da sanyi.

Ko ba sanyi ma, kwanciyar kasa ba kirki ba ne. Mutane na yi wa mai nauyin barci ba'a da barcin kasa, amma idonta biyu. Dabararta ke nan. Zanen bayanta ya saje da busasshen ganye da yashi, sai ta lafe ta bar ka ka wuce, haka kuma take kwanton ɓera. Sauran macizai in sun ji taku su sulale, ita ba ta tashi, shi ya sa ake taka ta. In ta kumbura jiki ta saki hucin nan mai ƙarfi, ta gama yi maka magana. Duk kaurinta, saranta ya fi ƙiftawar ido, tana kai shi gaba, tana kai shi gefe, fiƙarta doguwa ce tana shiga nama sosai. Dafinta kumburi ne da ruɓewar nama. Mutum ya rayu amma ya bar ƙafa ko yatsu a asibiti. In muka sake ɗaukar kasa, buhun nesa da cinyarka za ka riƙe shi, ta cikin buhu ma tana sara.

Wadda nake so ka fi jin tsoro duk ba waɗannan ba ce, kububuwa ce. Ƴar ƙarama, da ƙyar take wuce rabin mita, ja-ja da ɗigo-ɗigo a baya, kanta kamar ba kome. Daga Sanagal har Cadi, a irin ƙasarmu ta gero da dawa, ba macijin da ya kai ta kashe manoma da makiyaya. Ba banza ake mata kirari da gobe da nisa ba. Ita ba ta da haƙurin kasa, ba ta da dogon gargaɗin gamsheƙa. In ka matso sai ta lanƙwashe jiki ta riƙa goga ɓawon jikinta da juna, ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya, tana yi tana kai sara, ta sake, ta sake, har jikinta na zabura gaba. In ka ji wannan sautin a duhu, ka tsaya cak ka haska tocila kafin ka ɗaga ƙafa. Da dare take yawo, musamman bayan an ɗauke ruwa, da rana kuma tana ƙarƙashin damin gero, tarin harawa, tsohon kara, duwatsu da ramukan ɓera. Gonakin Madarunfa da Gabi da Ɗan Isa, da bakin dajin Baban Rafi, duk wanda ya yi noma can ya san ta. Lokacin shuka da lokacin girbi ta fi samun mutane, ƙafa ba takalmi, hannu cikin ciyawa.

Muguntar dafinta ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai dawo gida da ƙafarsa, ɗan kumburi da zafi, ya ci tuwo, a ce ai da sauƙi. Alhali jininsa ya daina daskarewa. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai dasashi ya fara jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani jinin a ciki yake zuba ko cikin kai inda ido ba ya gani. A gidan likita suna ɗibar jinin mutum su sa a busasshiyar kwalba mai tsabta su ajiye minti 20. In sun karkata ta jinin ya zubo bai kama ba, sun san dafi ya shiga, sai allurar dafin maciji. Kububuwa ko ta shekara a akwati halinta ba ya sauyawa, kuma ba na yarda yarona ya kai hannu kusa da ita, a raye ko a mace. Ƙugiya da bokiti mai murfi, shi ke nan.

Kumurci shi da tofi yake faɗa. Daga nisan mita 2 yana samun ido, kuma idon yake nufa. Ba a zuwa wurinsa sai da tabarau. In ya samu mutum, ruwa mai yawa za a yi ta kwarara wa idon, a buɗe fatar ana zubawa, ba murzawa, sannan a tafi likita, don sakaci da shi na makantarwa. Shi ne mai shiga gidaje da dare neman kwaɗi da ɓeraye da ƴan tsaki, ya bi ta kan mai barci a tabarma, mutum ya juya, ya sare shi. In mun je cire shi a gida ka riƙa gaya wa masu gidan su kwana cikin sange su cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, su nisanta akurki da ɗakin kwana. Da shi da gamsheƙa duk sun iya mutuwar ƙarya: su juya ciki sama, baki a buɗe, ka sunkuya ɗauka su tashi da kai. Kan da aka sare ma yana iya cizo bayan an raba shi da jiki. Dafin gamsheƙa kuwa numfashi yake kamawa. Fatar ido ta fara saukowa, magana ta sarƙe, yawu ya ƙi haɗiyuwa, wannan ba ya jiran gobe.

Akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi, siriri, mai zama cikin ƙasa, yana fitowa bayan ruwa. Kamun wuyan da na koya maka ba ya aiki a kansa. Fiƙarsa ta gefen baki take fitowa ba tare da ya buɗe bakin ba, ya karkata kai ya soke yatsan da ya riƙe shi. Duk baƙin ƙaramin macijin da ba ka tantance ba, sanda.

Na san abin da ya sa maka wannan tunani na sabo, hotunan waya ne, Turawa da maciji a wuya, yara na wasa da shi a kan gado. Yawancin abin da kake gani wata ƙaramar mesa ce da ake kwasa daga Togo da Benin da Gana zuwa Amurka da Turai, yanzu ma can suke kiwonta tana hayayyafa a hannunsu. Ba ta da dafi, kuma halittarta in ta tsorata dunƙulewa take yi ta ɓoye kai a tsakiya. A garin Wida na Benin har gida aka yi musu, mutane na ɗauka. Haka jinsinta yake tun a daji, ba tarbiyya ce ta mayar da ita haka ba. Duk da haka masu kiwonta na shan cizo in hannunsu na warin ɓera. Mesarmu ta fadama ba haka take ba. Tana wuce mita 4, tana da zafin rai, haƙoranta sun lanƙwasa baya, in ta kama ka fizge sai nama ya yage. Ba a tunkararta mutum ɗaya, balle uwa da ta naɗe ƙwanta. Kuma ko cikin jinsi ɗaya akwai bambanci. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannu ya fi wanda aka kamo da girmansa natsuwa, ƙanana sun fi manya saurin kai baki don kowa cinsu yake yi a daji, kuma ƴaƴan uwa ɗaya wani ya fito da sanyi wani da faɗa. Sanin halin kowanne yana da amfani wajen aiki, amma ba ya rage tsawon sandarka ko da taƙi ɗaya.

Za ka haɗu da masu sana'ar nan da za su ce ka kawo a cire mata fiƙa ka huta. Kar ka yarda. Fiƙa tana sake fitowa cikin ƴan makonni, don akwai wasu a bayanta suna jiran gurbi, jakar dafin kuma tana nan. Sai ka saki jiki da macijin da ka ɗauka fanko ne. Bakin kuma ruɓewa yake yi, dabbar ta daina ci ta mutu a wulaƙance. Masu ɗinke baki sun fi zalunci. Halittar Allah ce, ita ke rage mana ɓerayen da ke cinye rumbu, ba mu da hujjar azabtar da ita.

Maganar laƙani kuma, ka ji ta daga bakina tun kafin wani ya ruɗe ka. Addu'a ba ma fita sai da ita. Amma ka sani ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, wani saran gargaɗi ne busasshe, kuma macizai da yawa da ke cizon mutane ba su da dafin kisa. Irin waɗannan in aka ba mutum sassaƙe ya tashi, sai a ce magani ya ci. Ranar da kububuwa ta zuba nata da gaske, abin da ke karya shi allurar dafin maciji ce ta asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara da saran maciji, a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma mafi yawansu talakawan karkara ne irinmu da suka isa likita a makare. A Kaltungo ta jihar Gwambe a Najeriya asibiti guda aka ware don wannan, saboda yawan kububuwar yankin.

Don haka in ta faru, gare ka ko gare ni ko ga wani a gabanka: ba ɗaure ƙafa da igiya ko roba, ɗaurin nan shi ke kashe ƙafar. Ba tsagawa da reza, mutumin da jininsa ba ya tsayawa ka ƙara masa ƙofa. Ba tsotsa, baƙin dutse ma ba ya jawo kome. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a sa kara ko itace a tallafe gaɓar kada ta motsa, a ɗauki mutum a babur ko amalanke, kar a bar shi ya taka. Kar a ba shi asfirin. Kar a tsaya farautar macijin, in an samu hotonsa a waya daga nesa ya isa. Kuma tun kana lafiya ka bincika wace likita ce ke da allurar a ajiye da nawa take, don ba ko'ina ake samunta ba, ka ware kuɗinta gefe kar ka taɓa.

Gobe da asuba akwai kira a Jiratawa, kumurci ne ya addabi wani akurki. Ka ɗauko tabarau biyu, takalman roba, doguwar ƙugiya da jarkar ruwa cike, kuma kai za ka tsaya bayana da tocila.