Amsa ga mai tambayar .so ɗin da ke faɗuwa a kan sarba

Ɗan'uwa sannu da fama. In na gane tambayarka, ka rubuta lissafin ruwan sama da Fortran, ka haɗa shi ya zama fishiye .so (laburaren da wani shiri zai iya kira), kana kiransa daga Python ta ctypes (hanyar da Python ke kiran irin wannan fishiye), a ordinatarka yana tafiya lafiya lau, amma da ka ɗora shi kan sarba sai Segmentation fault (shirin ya taɓa memori da ba tashi ba ya faɗi), ba wani bayani. Wallahi na sha wannan wahalar, don Allah kar ka fara taɓa lissafin tukuna, yawanci matsalar tana bakin ƙofa ne, wurin da Python ke miƙa wa Fortran kaya.

Fara da ldd (umarnin da ke nuna laburaren da fishiye ke buƙata) a kan sarbar kanta ka ga wane libgfortran (laburaren Fortran) .so ɗinka yake ɗauka. GCC 7 (manhajar da ke haɗa shirin) na tafiya da libgfortran.so.4, daga GCC 8 zuwa sama kuma .so.5 ne. In ka sa -march=native cire shi, amma wannan Illegal instruction yake badawa in mashin ɗin tsoho ne, ba Segmentation fault irin naka ba.

Abin da na fi zargi shi ne wanda ya cinye min kwana uku a biro nan Yamai, lokacin zafin Afrilu, ga kuran na ɗaukewa. Na tura jerin lambobin tashoshi daga numpy (laburaren lissafi na Python), ashe a Linux numpy int64 yake yi, bayit 8, shi kuwa integer na Fortran bayit 4 ne. Na tura 5 da 12 da 30, da na buga su daga cikin Fortran sai na ga 5, 0, 12, 0. Da lambobin nan ake nemo gurbi a cikin teburi, Fortran kuwa daga 1 yake fara ƙirga, to gurbi na 0 ai wajen teburi ne. A mashin ɗina yana karanta shara ya wuce shiru har ya fitar da sakamako, a ɗayan kuma ya faɗi, kuma gaskiya faɗuwar ta fi min alheri, da waɗancan lambobin za mu kai rahoto.

Sake haɗa .so ɗin da -g -O0 -fcheck=bounds, zai faɗa maka sunan teburin da layin. Kar ka dogara da -fbacktrace ko -ffpe-trap, sai in babban shirin na Fortran ne suke aiki, kai kuma naka Python ne, mutane da yawa nan suke ɓata lokaci. Shiga da gdb --args python3 da sunan fishiyenka, run, in ya faɗi ka buga bt; gdb na bin diddigin kuskure ne, bt kuma zai nuna inda ya faɗi.

Sannan cika argtypes duka (inda kake faɗa wa ctypes irin kowane abu da kake turawa), ka tuna Fortran adireshi yake karɓa ko da lamba ɗaya ce, sai da byref na ctypes, wanda ke miƙa adireshin. Teburi mai layi da ginshiƙi kuma ka bi da shi ta asfortranarray na numpy, don ya jera shi yadda Fortran ke so.

Turo mana abin da ldd da bt suka nuna, da layin da ka kira aikin a Python, in sha Allahu da dare zan duba.