Amsa: Ta ina zan fara jawabi a taron masu fasaha?

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python, amma da ka tuna tsayuwa gaban jama'a sai gabanka ya faɗi.

Fara da gajeren jawabin nan na minti 5 da ake ba masu so dama a tarukan PyCon na masu amfani da Python, ko ka nemi gurbi a taron DevFest da ƙungiyoyin GDG (masu rubuta manhaja da fasahar Google) ke shiryawa wajen ƙarshen shekara. Ɗauki matsala ɗaya da ka warware da hannunka, kada ka ce sai ka koyar da Django (tsarin gina shafukan intanet da Python) kaf.

Inda na fi jin tsoro ga sabon shiga shi ne gwada manhaja kai tsaye. Intanet ɗin zaure yakan yanke, majigi ya ƙi karɓar kwamfutarka, mutane sun zuba maka ido. Naɗi bidiyon gwajin tun daga gida, ka taho da mahaɗin HDMI naka na haɗa kwamfuta da majigi, ka ƙara girman rubutu yadda na kujerar baya zai karanta bai miƙa wuya ba.

Ka riƙa maimaitawa da agogo kana ɗaukar muryarka a waya, za ka ji inda kake sauri. In an yi tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ku haɗu bayan an tashi.