Amsa ga mai son ɗora Windows XP saboda wasannin da

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka sayi laftof ta hannu mai Core i5 da RAM 4GB, kana son ka sake buga wasannin da ka sani tun kana yaro, irin su Prince of Persia da Dangerous Dave da GTA Vice City, kuma wani mai gyara ya ce sai ka sauke Windows 10 ka ɗora XP kafin su tashi. Shawarata ita ce kada ka yi haka, musamman idan da wannan kwamfutar kake shiga intanet, kake buɗe imel, kake harkar banki.

Kamfanin Microsoft ya daina tura wa XP gyaran tsaro tun watan Afrilun 2014, Chrome ma ta daina yi mata sabuntawa a 2016, shi ya sa shafuka da yawa ba sa buɗuwa a kanta yanzu. Na daɗe ina kula da kwamfutocin wani shagon buga takardu, kuma waɗanda aka bar wa XP su ne kullum suke kwasar bairos daga filas ɗin masu kawo aiki, irin wanda yake ɓoye folda ya bar maka gajeriyar hanya mai kama da ita, ka danna ya ƙara bazuwa. Ga kuma wahalar neman direban sauti da na Wi-Fi, wato manhajar da ke sa su aiki, da zai dace da laftof ɗin.

Abin da mai gyaran bai bambance maka ba shi ne wasannin nan ba zamani ɗaya suka fito ba. Prince of Persia da Dangerous Dave sun zo kan DOS, tsohon tsarin kwamfuta da ake ba umarni da rubutu, a 1990, wasan Doom kuma a ƙarshen 1993, kuma Windows mai 64-bit ba ta tayar da manhajar DOS ko kaɗan. Maganin wannan ƙaramar manhaja ce ta kyauta mai suna DOSBox, wadda take kwaikwayon kwamfutar wancan zamani har da katin sautinta. Ka buɗe folda a C ka sa mata suna wasanni, ka zuba kowane wasa a tasa foldar, sunan kada ya wuce harafi takwas kuma kada a sa tazara. Misali idan Prince of Persia yana cikin folda mai suna prince, ka tayar da DOSBox sai ka rubuta mount c c:\wasanni, sannan c:, sannan cd prince, sannan prince, kana danna Enter bayan kowane layi. Alt da Enter suna cika allo. Idan ka ga wasa yana gudu fiye da yadda ka san shi, har mutumin ya faɗa wuta kafin ka ɗaga yatsa, ka riƙa danna Ctrl da F11 har saurin ya daidaita, Ctrl da F12 kuma suna ƙara shi. Wasu tsofaffin wasanni da ƙarfin injin suke auna lokaci, to injin yau ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Prince of Persia kam har gobe yana burge ni. Wanda ya ƙirƙiro shi, Jordan Mechner, ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya zana, shi ya sa motsin yariman yake kama da na mutum. Kuma minti 60 ɗin da aka ba ka don kuɓutar da gimbiya suna nan, ba a ƙara maka ko ɗaya don ka girma ba.

Vice City, wanda ya zo kwamfuta a 2003, da San Andreas na 2005, ba sa buƙatar DOSBox. Yawanci abin da ke hana su tashi shi ne DirectPlay, wani tsohon sashe na Windows da wasannin suke nema, wanda yake a kashe a Windows 10. Ka nemi Turn Windows features on or off, ka buɗe Legacy Components, ka sa masa alama. Idan har yanzu ya ƙi, ka danna dama a kan alamar wasan, ka shiga Properties, ka zaɓi XP a ƙarƙashin Compatibility. Cikin wasan kuma ka bar Frame Limiter, wato abin da ke ƙayyade saurin hotunan wasan, a kunne, domin idan ka kashe shi a San Andreas iyo a ruwa ma sai ya zama aiki. Wasu faya-fayan CD na asali suna da kariyar SafeDisc wadda Windows 10 ba ta karɓa, wannan ba laifin laftof ɗinka ba ne.

Game da inda za ka samo su, taskar intanet ta Internet Archive tana da dubban wasannin DOS da ake bugawa kai tsaye a burawuza, kasuwar intanet ta GOG kuma tun 2008 take sayar da tsofaffin wasanni waɗanda aka riga aka daidaita da sababbin kwamfutoci. Ka guji shafukan da suke cewa ka kashe kariyar kwamfutarka kafin ka sauke.

Kuɗin da za ka ba mai gyara gara ka haɗa ka sayi SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da ba ta juyawa, domin tsohon faifan ajiya mai juyawa shi ne yake jawo yawancin nauyin da mutane ke ɗora wa Windows, sannan ka kai RAM 8GB idan akwai gurbi. Sai dai ka sani Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama. Idan naka bai kai ba, Linux Mint nau'in Xfce, wadda ake ɗorawa a maimakon Windows, ba ta da nauyi, tana zuwa da manhajar ofis ta LibreOffice, DOSBox na aiki a kanta lafiya, amma Vice City sai ka bi ta Wine, mai tayar da manhajojin Windows a kan Linux, wanda yake son ɗan haƙuri. Idan kuma XP ɗin ce kanta kake marmari, da Pinball ɗinta da koren tudun nan na fuskar allo, ka nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai Pentium 4 ka ɗora mata, ka ajiye ta don wasa kawai, kada ka haɗa ta da intanet.