Ina ne muhallin waƙafi mai ruwa, kuma me ya sa aka daina ganinsa?

Tambaya: Malam, ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare. Ina duba insha'in ɗalibaina sai na lura babu ko ɗaya da ya sa waƙafi mai ruwa (;). Ni kaina idan na zo sa shi sai in yi kokwanto. Ina ne muhallinsa? Kuma tunda mutane sun yi watsi da shi, akwai amfanin in ci gaba da koyar da shi?

Amsa: Malama, don Allah kada ki daina. Alama ce mai aiki biyu kacal, kuma ɗaya daga cikinsu babu alamar da ke iya yi mata shi.

Sunan da kansa ya faɗi siffarta. Waƙafi daga Larabci muka aro shi, tsayawa ke nan irin wadda alaramma ke kiyayewa a tilawa, ruwa kuwa shi ne ɗigon da ke samansa. Shi ya sa ake gaya wa yara cewa tsayawarsa ta fi ta waƙafi amma ba ta kai ta aya ba. Gaskiya ne, sai dai wannan bayani ba ya fid da ɗalibi, domin kowa da tsawon numfashinsa. Ma'aunin da ba ya kuskure yana cikin ginin jimla.

Aiki na farko shi ne haɗa cikakkun jimloli biyu da ma'anarsu ke manne da juna. Duba: "Baƙi sun iso; abinci bai nuna ba." Ki cire alamar ki sa aya, za ki ga kowane ɓangare ya tsaya da ƙafarsa. To, ta zauna daidai ke nan. Yanzu ki gwada wannan: "Da baƙi suka iso, abinci bai nuna ba." Idan kika sa aya bayan "iso", maganar ta rataye, mai karatu yana jiran saura. Nan waƙafi zalla ake so. Haka duk ɓangaren da ya fara da "idan", ko "tunda", ko "ko da yake".

Me zai hana a sa aya kawai a huta? Ana iya sawa, ba laifi a nahawu. Amma aya tana raba labari biyu, waƙafi mai ruwa kuwa yana ce wa mai karatu ya riƙe su tare. "Ruwa ya yi yawa bana; gyaɗa ta ruɓe a gona." Ba a ce "saboda haka" ba, amma an ji dalili da sakamako. Kuma Hausa tana son irin wannan gini ƙwarai. Mukan jera zance biyu ba tare da mahaɗi ba mu bar mai sauraro ya ƙulla su da kansa. A baki murya ce ke ƙullawa, a takarda sai wannan alama. Idan kuma akwai "amma" ko "kuma" a tsakiya, waƙafi ya wadatar.

Aiki na biyu shi ne raba jerin abubuwan da su kansu suke ɗauke da waƙafi. Ɗauki rahoton taro: "Waɗanda suka halarta su ne liman, shugaban kwamiti, mai unguwa, wakilin hakimi, da ma'aji." Mutum nawa ne? Mai karatu zai ce biyar. Idan liman shi ne shugaban kwamitin, mai unguwa kuma shi ya wakilci hakimi, sai a rubuta: "liman, shugaban kwamiti; mai unguwa, wakilin hakimi; da ma'aji." Sun koma uku. A takardar rabon gado ko yarjejeniyar sayen fili, irin wannan ruɗani yana iya kai 'yan uwa gaban alƙali, shi ya sa nake damuwa idan na ga alamar tana salwanta.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne sa ta a gurbin ruwa biyu, kamar "Kayan da za a saya; shinkafa, mai, gishiri." Gabatar da jeri aikin ruwa biyu ne (:).

Alamar baƙuwa ce a wurinmu, boko ya zo da ita, rubutun ajami bai san ta ba. An fara buga ta yadda muka san ta a shekarun 1490, a maɗaba'ar Aldus Manutius da ke birnin Benis na Italiya. Larabawa ma sai a 1912 Ahmad Zaki Basha na Masar ya tsara musu alamomin rubutu, har da ita, waƙafinta na kallon sama (؛). A Girkanci kuwa wannan siffa alamar tambaya ce.

Ja da bayan da ta yi ba abin mamaki ba ne. A allon rubutun waya aya tana kusa da yatsa, ita kuwa sai an shiga shafin alamomi an nemo ta. A WhatsApp mutum yana rubuta jimla ɗaya ya tura, ya sake rubuta wata ya tura, turawar ta zama ita ce alamar. Ga kuma salon labaran rediyo da ya yi tasiri a Hausar zamani, inda ake son gajerun jimloli da mai karanta labarai zai furta ba tangarɗa. Inda take da rai sosai yanzu shi ne wurin masu rubuta manhajar kwamfuta, domin a harsuna irin su C da Java da ita ake rufe umarni, mance ta sau ɗaya yana hana aiki tafiya.

Ban ga laifin wanda bai sa ta a hirar waya ba. Ɗalibinki dai gobe shi zai rubuta rahoto da wasiƙar ofis. Ki rubuta musu jimlar liman da mai unguwa a allo da waƙafi zalla, ki tambaye su mutum nawa suka halarci taron. Ki bar su su yi gardama tukuna, sannan ki miƙa wa ɗaya alli ya gyara.