Shekarata 43, Sai Yanzu Nake Tambayar Ko Ni Wane Ne

Tambaya: Shekarata 43, ina da aiki da iyali, amma kwanan nan nake jin kamar ban san kaina ba. Fannin da na karanta mahaifina ne ya zaɓar mini, ban taɓa musawa ba. Na karanta cewa tun ana samari ake gama sanin kai. Lokacina ne ya wuce, ko wata matsala ce ta same ni?

Amsa: Malam, lokacinka bai wuce ba, kuma wannan tambaya ba alamar taɓin hankali ba ce.

Abin da ka karanta ya samo asali ne daga Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a Jamus a 1902. A littafin da ya fitar a 1950 ya kasa rayuwa hawa 8, kowane hawa da irin gwagwarmayarsa. Jariri yana koyon ko duniya abar amincewa ce, gwargwadon yadda ake amsa kukansa. Ɗan shekara 2 da ke fizge cokali wai shi zai ci da kansa, cin gashin kai yake nema. Sai shekarun ƙirƙiro wasa, sai na firamare, inda yaro ke gane ko ya iya abu ko bai iya ba. Hawa na 5, wajen shekara 12 zuwa 18, shi ne na tambayar “ni wane ne”. Ukun ƙarshe na manya ne: ƙulla kusanci da wani, raino da gina na baya, sai tsufa, lokacin da mutum ke waiwayar rayuwarsa, ko ya karɓe ta ko nadama ta cinye shi.

Sai dai Erikson bai taɓa cewa ana rufe ƙofa da zarar an wuce hawa ba. Abin da ba a warware ba yakan dawo. Shi kansa bai san mahaifin da ya haife shi ba, ya tashi da sunan mijin mahaifiyarsa, Homburger, kuma sai a 1939, da ya zama ɗan ƙasar Amurka yana ɗan shekara 37, ya raɗa wa kansa sunan Erikson.

Wanda ya fi taɓa damuwarka shi ne James Marcia, shi ma masanin halayyar ɗan Adam ne. A 1966 ya auna matasa da tambayoyi biyu: ka bincika zaɓuɓɓukan da ke gabanka? Ka tsaya a kan wani? Akwai wanda bai yi ko ɗaya ba, akwai wanda ke tsakiyar nema, akwai wanda ya nema ya tsaya. Na huɗu shi ne wanda ya tsaya ba tare da ya nema ba, an miƙa masa riga ya zura bai duba ko ta yi masa ba. Nan nake ganin ka zauna shekaru da yawa. Ba aibi ba ne, domin irin wannan mutum yakan zama mai natsuwa da riƙon amana. Matsalar dai ita ce tambayar tana nan kwance, tana jiran wani abu ya tashe ta: rasuwar mahaifi, rasa aiki, ko ranar da ɗanka ya ɗago kai daga takardar neman jami'a ya ce, “Baba, me zan cike a nan?” kai kuma ka ji bakinka ya yi nauyi.

Ba mamaki abin ya zo maka yanzu. Daga wajen 40 zuwa 65 mutum yakan fara tunanin abin da zai bari a bayansa, kuma da wuya ya amsa wannan bai san abin da ya ɗauka nasa ba.

Abin da ba na so ka yi shi ne gaggawar rushe abin da ka gina. Ka zauna da biro da takarda, ka jera abubuwan da ka gada: sana'a, ra'ayi, yadda kake tafiyar da gida. Ka tambayi kanka wanne za ka sake zaɓa yau da hankalinka. Na tabbata za ka riƙe da yawa daga ciki, amma wannan karon kai ka zaɓa. Sauran kuwa ka gwada su kaɗan-kaɗan, ko kwas na yamma ne, ko koyar da wani matashi abin da ka ƙware a kai, kuma ka sa matarka cikin shawarar tun da wuri.

Idan kuma ruɗanin ya haɗu da rashin barci, ƙin abinci, ko ka daina jin daɗin komai har ya kai mako 2, to wannan ya wuce tambayar sanin kai. Ka je ka ga likita, domin yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani.