Injin wankina yana tsalle, ruwa ba ya shiga, kuma yana ja na: in mayar da shi shago?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigida ya sayo mini injin wanki mai ƙofa ta gaba, mai cin kilo 7. Muna zaune a Mabera, nan Sakkwato. Wani yaron maƙwabta mai taɓa aikin wuta ya haɗa muna shi. Tun ranar farko, in ya zo matse kaya sai ya kama tsalle har ya bar inda aka aje shi. Ruwa kuma sai ya daɗe yana tsiyaya, daga nan injin ya tsaya ya rubuta IE. Jiya na taɓa ƙofar da jiƙaƙƙen hannu na ji ya ja ni. Ruwanmu na burtsatse ne, tankin yana kan ƙarfe kamar ƙafa goma. Mu maida shi shago, ko mi za mu yi? Uwargida daga Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sabon inji. Kada ki yi saurin mayar da shi. Duk abubuwa ukun da kika lissafa, a aikinmu mun fi ganin su daga wajen haɗi da kuma yanayin gidan, ba daga injin ba. Masu rubuta takardar da ke zuwa cikin kwali sun ɗauka kowane gida yana da ruwan famfo mai ƙarfi dare da rana da wayoyi cikakku a bango. Gidajenmu kuwa kin san yadda suke.

Zan fara da na ƙarshen, don shi ne mai kisa. Ki zare fulogin yau, kada a sake kunna injin sai an gyara. Ki dubi fulogin, ƙafa uku ne da shi. Doguwar ta sama ita ce ta wayar ƙasa, wato wayar nan mai launin kore da ɗorawa. Aikinta ta kwashe duk wutar da ta ɓalle zuwa jikin injin ta kai ta cikin ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Injinan zamani, ko da lafiyarsu ƙalau, suna sakin 'yar wuta kaɗan a jikinsu, kuma wayar ƙasa ce ke shanye ta. In babu ita, wanda ya taɓa da ɗanyen hannu yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti shi ne ya zama wayar. Na sha kwance soket a gidaje a Mabera da Arkilla in tarar da waya biyu kawai, ramin na uku fayau. Wani lokacin wayar tana nan, amma in ka bi ta ba ta je ko'ina ba.

Ki sa maigida ya kira ƙwararren mai aikin wuta, ba ɗan koyo ba. Ya jawo wa injin layinsa shi kaɗai da waya mai kauri 2.5, ya sa soket mai am 13 a bango, sama da inda ruwa zai iya fallatsa. A kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa wayar ƙasan da ita. Ƙasar Sakkwato busasshiya ce, busasshen rairayi kuma ba ya karɓar wuta da kyau, don haka a nemi wurin da ba ya rabuwa da danshi, kamar gindin tanki, a kuma nutsar da sandar sosai. Wasu na ɗaura wayar a jikin bututun ruwa, alhali bututun roba ne. Wannan yaudarar kai ce. Mai aikin wutar ya kuma sa abin katse wuta mai miliam 30, wanda ke faɗuwa da kansa da zarar wuta ta fara bin inda bai kamata ba. In an yi duk wannan sai abin ya riƙa faɗuwa duk lokacin da aka kunna injin, to a nan ne za a ce akwai ciwo a cikin injin, a koma wurin mai shago da rasit. Kuma ban yarda a jona injin wanki a 'yar wayar jone-jone da ake cajin waya da ita ba.

Tsallen kuwa, kusan zan iya rantsewa ba a cire kusoshin tafiya ba. Gangar da ke cikin irin wannan inji a rataye take da sifirin, an kuma ɗaura mata tubalan kankare don nauyi, shi ya sa kika ga sai mutum biyu suka sauke shi. Don kada ta yi ta dukan bango a kan hanya, kamfani na ɗaure ta da manyan kusoshi uku ko huɗu ta baya. In ba a cire su ba, gangar da ke juyawa sau 1,000 ko 1,200 a minti ba ta da inda za ta sauke girgizarta sai a jikin injin gaba ɗaya. A juyo bayansa, a kwance su da sifana, a zaro su tare da robobinsu, a toshe ramukan da murafan da suka zo a leda. Ki adana kusoshin, ranar da za ku tashi daga gidan za a mayar da su. A kuma leƙa ƙarƙashi, wani lokacin sai a tarar da soson kwali yana nan maƙale.

Bayan haka sai zama. Daɓen ya zama na siminti ko tayil mai ƙarfi. Ƙafafun huɗu ana murɗa su su hau ko su sauka. A daidaita har sai kin danna kowace kusurwa kin ji ba ta motsi, sannan a ɗaure notin da ke saman kowace ƙafa. In babu ma'aunin magina, a ɗora faranti da ruwa a kai a ga ko ya karkata. Na taɓa shiga wani gida na tarar an ɗora wa inji bulo biyu wai don ya natsu, kusoshin kuma suna nan a baya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ita ce ainihin matsalar garin nan. IE a injinan LG, ko 4E da 4C a na Samsung, duk abu ɗaya suke faɗi: na jira ruwa bai iso ba. Injin ba ya zuƙo ruwa da kansa. Ƙofa kawai yake buɗewa ya jira a turo masa, kuma yana ƙirga mintuna. In lokacin ya cika ruwan bai kai inda yake so ba, sai ya tsaya. Ma'aunin ƙarfin ruwa sunansa ba (bar a Turance). Yawancin masu ƙofa ta gaba suna neman aƙalla rabin ba, wasu ma ba ɗaya cur. Adadin yana rubuce a takardar injinki. Ruwan tanki kuwa ƙarfinsa daga tsawo yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da kusan ba ɗaya. Ana aunawa ne daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa inda tiyo ya shiga injin. Ƙarfenku ƙafa goma ne, wato kamar mita 3. Ko an ƙara tsawon ruwan da ke cikin tankin, in aka cire tsayin injin, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ba ɗaya ba. In tankin ya yi ƙasa da yamma, ya ƙara raguwa. Ga siririn bututu mai rabin inci da gwiwoyi barkatai, kowace gwiwa tana cin nata rabon.

Mutane da yawa suna zuwa mini da shawarar sayen babban tanki. Girman tanki ba ya ƙara komai a nan. Tanki mai lita 5,000 da mai lita 500, in saman ruwansu yana tsawo ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ne. Ɗaga tankin zuwa mita 6 zai yi aiki ga wasu injinan, amma a tuna lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne, kuma iskar farkon damina a nan ba ta wasa da ƙarfen da aka yi wa ƙarin walda. Ni abin da nake ba da shawara shi ne ƙaramin famfon ƙara ƙarfi mai tashi da kansa in an buɗe ruwa ya mutu in an rufe. Ba ya cin wuta sosai, ana sa shi a kan layin da ke zuwa injin, kuma masu sayar da kayan famfo a gari sun san shi.

Kafin a kashe kuɗi dai, a rufe famfo a kwance tiyon daga bayan injin. A bakin akwai 'yar raga. Ruwan burtsatse yana zuwa da rairayi, sabon bututu kuma da ɓarɓashin roba da gam, sai su toshe ta cikin kwana biyu. A zaro ta da filaya a hankali, a wanke da tsohon buroshi. A sa matatar ruwa kafin famfon ƙara ƙarfin, a riƙa wanke tanki. Wajen mayar da tiyo a tabbata zoben roba yana ciki, a ɗaure da hannu kawai. Bakin inci uku bisa huɗu ne kuma na roba, sifana tana fasa shi. In da kin tambaye ni kafin a saya, kuma ruwanku na 'yan garuwa ne, da mai rami biyu zan ce ki ɗauka, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti. Amma tunda kuna da burtsatse, wannan ɗin ya fi tattalin ruwa, galibi jarka biyu zuwa uku ke isar sa wanki ɗaya.

Ba ki yi maganar tiyon fitar da ruwa ba, amma a duba shi. Injinki yana da famfon tura ruwa waje a cikinsa, saboda haka dole bakin tiyon ya hau sama kamar santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa kafin ya sauka cikin bututun kwata, kuma kada a cusa shi ciki fiye da santimita 15. In aka yar da shi a ƙasa, ruwa na shiga ta baya yana zurarewa ta nan, injin ba zai taɓa cika ba, ki sake ganin IE. Mai rami biyu ne ake kwantar wa da tiyo, shi ya sa yara masu haɗi ke rikita su. Ruwan kuma a kai shi kwata ko rami, kada ya malala lungu ya haɗa ki da maƙwabta.

Game da wuta, abin da ya fi ci shi ne na'urar ɗumama ruwa, kusan wat 2,000. Ƙaramin janareton da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauka ba. In da sola ko janareto za ki yi wanki, ki zaɓi ruwan sanyi. A watan Afrilu ma, da zafi ke haura digiri 40, baƙin tanki ya riga ya dafa miki ruwan kyauta kafin azahar. Kaya masu zuba sai ki wanke su da sassafe. A sa sitabilaiza mai VA 5,000, ko aƙalla na'urar da ke ɗan jinkirta wuta in an dawo da ita, domin allon kwamfutar injin shi ne mai tsadar. A ajiye shi a inuwa, a lulluɓe shi lokacin hunturu saboda ƙura.

In an gama, a yi zagayen farko babu kaya a ciki, da ɗan garin sabulu kaɗan na injin, ba na wankin hannu mai tashin kumfa ba. Ki tsaya a wurin har ya ƙare, ki shafa busasshen tsumma a bakin tiyo biyun ki ga ko akwai yoyo. Shaddar maigida ta Juma'a kuwa, ni dai da za ki ji tawa, ki bar wa masu wanki da bugu.